Kwamfutar Kawu da Muryar Yaya

Zuwa ga Mai Gilashi, 'yar Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar hagu da ta ɗaura gaba da matakalar shago, da kunnen nan da kika sani. Innarku tana gaishe ki. Ta ce kin rame a hoton da kika turo wa Auta, ni na ce hoton ne ya rame. Kada ki ce don me ban kira ki a waya ba. A waya sai in yi ta cewa "na'am, na'am" ban san abin da na amsa ba, kuma bai kamata mai shekaruna ya riƙa amsa abin da bai ji ba.

Shekarun baya wani mutum ya zo in yanka masa makullin ofis. Yana tsaye ina guga, ya ce mini wai akwai wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, Linux sunanta, kyauta ake ba da ita, kuma waɗanda suka ƙera ta sun baje cikinta a fili, kowa ya leƙa, mai iyawa ya gyara. Na ce masa to. Da ya tafi na yi dariya har na kusa ɓata makullin wani. A cikin kwaɗo da makulli na tsufa, ban taɓa ganin maƙerin da ya rataye sirrin kwaɗonsa a bakin ƙofa ba. Kuma ni in aka ce mini abu kyauta ne, aljihuna nake fara dafawa.

To, ga shi zancen ya biyo ni har ɗaki. Tsohuwar kwamfutar nan da kika bar mini ta fara tsufa irin nawa. In na kunna ta, sai in je in sha ruwa in dawo tana nan tana miƙa. Kullum kuma sai ta fito da wani gargaɗi, wai masu manhajar da ke cikinta sun daina kula da irinta. Mijin Auta ya duba, ya ce ƙarfen da sauran ƙwarinsa, manhajar ce za a canza, a sa Linux ɗin nan. Ashe ma ba ɗaya ba ce, iri-iri ce kamar kwaɗon kasuwa. Ya lissafo mini sunaye har kaina ya yi zafi: Ubuntu, Mint, Debian, Arch. Ya ce shi Arch yake amfani da ita, wadda mutum ke haɗa ta da hannunsa gunduwa-gunduwa, kuma wai in da gaske koyo nake so, ita ce makaranta.

Koyo kuwa nake so. Aiki ya ragu a shago, ido bai mutu ba, kuma na gaji da danna abin da ban san cikinsa ba. Amma yadda yaron nan ya yi saurin amsa mini bai kwanta mini ba. Ke aikinki ke nan, kula da kwamfutocin mutane. Wacce zan ɗauka?

Abu ɗaya kuma. Kin san muryar Yaya, Allah ya jiƙanta, tana cikin kwamfutar nan, tatsuniyoyin da na ɗauka a bakinta a shekararta ta ƙarshe. Babu su a ko'ina sai nan. Duk abin da za a yi, kada ya taɓa su.

Na ba Sai-Gobe direba takardar. In ta iso da maiƙo a jikinta, shi ne.

Kawunki

*

Kawu,

Na sami takardarka, da maiƙonta. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura amma ya warware. Ka gaida Inna, ka ce mata ban rame ba. Gwiwar nan kuma a daina hawa matakala da kaya a hannu, don Allah.

Zancen da ka ji gaskiya ne, kuma da Linux ɗin nake aiki kullum. Ka ɗauki Mint. Tana kama da abin da ka saba gani, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma in ka maƙale akwai mutane da yawa da suka maƙale a wurin kafin kai, sun rubuta yadda suka fita. Arch tana da kyau, amma ba a nan ake farawa ba. Ba ta gaishe ka da hoto ko maɓallin dannawa, baƙin allo ne kawai yana jiran ka rubuta masa umarni.

Ga filash nan a cikin ambulan, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na sa Mint a kai. Daɗin abin shi ne za ka iya gwada ta daga kan filash ɗin ba tare da ka girka ta ba. Kwamfutar za ta tashi da ita, ka zagaya, ka taɓa ko'ina, in ka cire filash komai ya koma yadda yake. Kada dai ka danna inda aka ce a girka.

Kafin komai, Kawu, ka sa a kwafe muryar Umma a wani filash daban, ka aiko mini da shi. Ba a san abin da zai faru ba. Wannan shi ne farko, sauran duk bayansa suke.

'Yarka, Mai Gilashi

*

Zuwa ga Mai Gilashi,

Bayan gaisuwa, ina yi wa ƙaramin sannu da jiki. Gwiwa ta ji saƙonki, ta ce ba ke za ki gaya mata ba. Innarku lafiya, sai dai kwanan nan ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a da zan zo kanta.

Na karanta takardarki a shago, na sake karanta ta a gida, don wani rubutun sai an canza masa ɗaki yake nuna fuskarsa. Na tambaye ki wadda zan koya, kin zaɓa mini wadda "ba ta wahalarwa." Haka ake yi wa tsoho. A yanka masa abinci ƙanana, a zaunar da shi nesa da ƙofa. Shi kuwa mijin Auta ya zaɓa mini mai wuya, kuma shi ma ban wanke shi ba. Na lura da yadda yake shafa murfin kwamfutar nan yana cewa irinta ba ta mutuwa. In na kasa, na yi zuciya na ture ta, wa kike jin zai ce, "Baba, bari in rage maka kaya"? Ɗaya na so in tsaya a bakin ƙofa, ɗaya na so in faɗa rijiyar tsakar gida. Ni kuma ina tsakiya da filash ɗinki a aljihu, ban sa shi ba.

Sai maganar "ba a san abin da zai faru ba." Na san shekaruna, ba sai an aiko mini da su ta hannun Sai-Gobe ba. In kina ganin na kusa, ki fito ki faɗa, ba a rabon gado da mai shi a zaune.

Bari in gaya miki abin da na sani game da kwafi, tunda shi na ci na sha. Makulli ɗaya, gida a kulle yake. Ranar da aka yanka na biyu, gidan ya zama na duk wanda na biyun ya faɗa hannunsa. Na ga wanda ya ba amininsa, aminin ya ba matarsa, matar ta ba ƙanenta, aka wayi gari babu keken ɗinki. Shi ya sa ban taɓa yanka wa mutum makulli ba sai mai kwaɗon na tsaye a gabana. Yaya kuwa da bakinta ta ce mini, kuma da ƙarfi ta faɗa don ta san kunnena: "Kada in ji muryata tana yawo a wayoyin mutane, ana dariyar haƙorana." Na ce mata ba za ta yi yawo ba. Mai kwaɗon ba ta nan balle ta tsaya a gabana. To da izinin wa zan yanka?

Abin da ya ƙara tsaya mini shi ne, rana ɗaya da zuwan takardarki Innarku ta fara cewa, "Ka ba yarinyar nan muryar uwarta mana, ai Yaya ma haka ta so." Na ce yaushe ta gaya miki? Ta ce wata rana. Wace rana? Ta ce ita ba ta riƙe rana. Kwana biyu kuma sai ga mijin Auta da tasa waƙar, kwafi, kwafi. Mutum uku, baki ɗaya, mako ɗaya. Kun yi waya ne?

Na yanke shawara. Arch zan sa, don a san ban zama abin lallaɓawa ba. Mijin Auta zai zo ranar hutunsa ya tsaya a bayana, ni zan danna da hannuna. Tatsuniyoyin suna can cikin wani lungu nasu, manhaja kuma a nata wurin za ta zauna. In mutum ya canza kwaɗon ƙofa ai ba ya taɓa kayan ɗaki.

Kawunki, da ransa

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa, a tsaye nake rubutun nan don in riski Sai-Gobe.

Don girman Allah kada ku girka komai. Ba canza kwaɗo ba ne, Kawu. Wurin da manhaja take zaune da wurin da muryar Umma take, faifan ajiya ɗaya ne a cikin kwamfutar. Lokacin girkawa ana tambaya yadda za a raba shi, kuma kuskuren layi ɗaya ya isa ya share shi tas. A Arch da hannunka za ka rubuta wannan umarnin, babu mai riƙe maka hannu. Da na ce ba a san abin da zai faru ba, kwamfutar nake nufi. Ko ba a girka komai ba, tsohon faifai yakan mutu da rana tsaka ba sallama. Yaya za a yi in yi maka fatan mutuwa? Kai kaɗai ka rage mini a ɗakin su Umma.

Ban zaɓa maka Mint don raini ba. Ka tuna ina ƙarama, da na nace sai ka koya mini aikinka? Ba tarkacen ƙarfe ka zube mini ba. Kwaɗo mai aiki ka ba ni, ka ce in buɗe in rufe har hannuna ya san shi, sannan ka kwance shi a gabana. Mint ita ce kwaɗon mai aiki. Baƙin allon da kake marmari yana cikinta shi ma, ka buɗe shi duk ranar da ka so.

Ban yi waya da kowa a kan wannan ba. Kuma tunda ka kawo zancen izini: uwata ce. Tun da aka binne ta ban ƙara jin muryarta ba. Ban taɓa roƙonka ba don na san halinka, na ce wata rana za ka ba ni da kanka.

'Yarka

*

Kawu,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mu lafiya.

Ranar hutun mijin Auta ta zo ta wuce, ba amsa. Na kira Inna, ta ce, "Suna can ɗaki tun safe, allon ya yi baƙi ƙirin, sai faɗa suke yi," sai cajin wayarta ya ƙare ko ta kashe, ban sani ba. Na kira Auta, ta ce mijinta ya dawo gida ya ƙi cin abinci, ya ce kada a ƙara yi masa zancen kwamfutar Baba.

In ta goge, ka gaya mini kawai. Kada ka zagaya da ni da labarin keken ɗinki. Ka tsare ta daga kowa da kowa har ka tsare ta daga duniya, shi ke nan, ka cika alkawari. Ba zan yi maka rashin kunya ba, amma kada ka sa ran takardata nan kusa.

Mai Gilashi

*

Zuwa ga Mai Gilashi, 'yar Yayata,

Gaisuwa, da fatan ke da mutanen gidanki kuna lafiya, kuma zuciya ta ɗan sauka. Mu nan kalau. Gwiwa tana nan da halinta.

Takardunki biyu tare suka iso, a naɗe cikin tsumman goge inji. Motar Sai-Gobe ce ta kwanta a gareji, shi kuma bai ga dalilin ba wani ya kawo ba. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, don ita ce a sama, sai da na zauna. Kin ce kada in zagaya, to ga shi a miƙe: ba ta goge ba. Yanzu ki bar ni in zagaya, don ni ban iya labari a tsaye ba.

Mijin Auta ya zo da nasa filash ɗin. Ya shiga wani wuri a kwamfutar ya gyara ta yadda za ta riƙa tashi daga filash, ya sa nasa, sai ga baƙin allo da ƙananan rubutu suna gudu kamar tururuwa, suka tsaya. Gaskiya ya burge ni. Na ce to, me zan rubuta? Sai ya naɗe hannu.

"Baba, ina kwafin?"

Na ce babu, kuma ba za a yi ba.

"To ni ba zan faɗa maka ko harafi ɗaya ba."

Na ce, "Au, sai yau? Kai ka kawo zancen Arch ɗin nan gidan nan."

Ya ce, "Na kawo, kuma na yi kuskure, daɗin baki ne ya ɗebe ni. Amma ba da hannuna za a share muryar Gwaggo ba. In ta tafi, Auta ba za ta ƙara kallona ba, kai ma haka."

Na ce masa dama na san akwai wata a ƙasa, so yake in gaji in bar masa kwamfutar. Yaron nan ya dube ni, ya ce, "Baba, wadda nake da ita a gida ta fi wannan sau nawa. Ina shafa ta ne don ka ji daɗi." Ya zare filash ɗinsa, ya yi wa Innarku sallama, ya fita. Innarku ta leƙo ta ce, "Ka kori wannan ma? Saura ni." Na ce ta ja mini ƙofa.

Kwamfutar ta kwana biyu a rufe. Ran nan da hantsi, Innarku ta tafi awo, na ce bari in ga abin da 'yar rainin nan ta aiko. Na sa filash ɗinki na kunna. Ta tashi, kore-kore, da 'yan hotunanta a jere. Na zagaya kamar baƙo a gidan mutane, hannu a baya. Na ga inda aka ce a girka, na bi ta nesa da shi. Na sami baƙin allon ma, yana nan a lungu kamar yadda kika ce daga baya, na buɗe shi na rufe, mun ga juna. Sannan na nemi kayana, don in tabbatar ba a taɓa su ba. Suna nan. Na kunna tatsuniyar ƙarshe, wadda ta yi mini ta kura da ɗan maƙeri.

A wurin sauti na ga wani abu da tsohuwar manhajar ba ta taɓa nuna mini ba: ana iya ƙara ƙarfin murya ya wuce iyakar da aka saba. Na ja shi har ƙarshe, na sa abin sauraro a kunne. Mai Gilashi, rabon da in ji Yaya haka tun tana da rai. Har numfashinta, har ƙarar cokali a kofinta.

Tatsuniyar ta ƙare. A nan kullum nake kashewa, don abin da ya biyo baya a kunnena shiru ne. Wannan karon hannuna na kan gwiwa ina matsa ta, ban kashe ba. Sai na ji a cikin sautin an yi sallama daga waje, na ji kaina ina cewa ina zuwa, na ji takuna na fita. Ashe na bar abin yana ɗauka. Sai muryarta, ƙasa-ƙasa, ta juya tana magana da Innarku.

Ba zan rubuta miki duka ba, za ki ji da kunnenki. Akwai inda ta taɓa ni a ciki, ta ce tun ina yaro in na riƙe abu sai an ɓamɓare yatsuna, kuma Innarku ta yi dariyar da har yau ba ta ba ni bayaninta ba.

Na je gidan Auta da ƙafata, da gwiwar da komai. Ban ba mijinta haƙuri ba, na dai ce masa abincin gidansu ya fi namu, ya gane. Ya zo da sabon filash a ledarsa, na sa ya ɓare shi a gabana, aka yi kwafi ɗaya ina tsaye. Ɗaya. Shi ne a cikin ambulan ɗin nan, na naɗe shi da zare na ɗaure, ƙullin kuma irin nawa ne, in an kwance za ki gane. Ban ba Sai-Gobe ba, Auta ce za ta kawo miki da kanta.

Mint zan sa. Ba don kin fi ni gaskiya ba, don na gwada ta ne da hannuna. Arch kuma tana nan, ban yafe ta ba, in na ƙware sai mu sake zama. Har yanzu ban gane me waɗannan mutane suke samu da suke ba da abu kyauta ba, kuma ina nan ina sa ido. Amma ba za a girka komai ba sai kin rubuto cewa kin kunna kowace tatsuniya kin ji ta har ƙarshe. Makullin da aka yanka ba makulli ba ne a wurina sai an zura shi a kwaɗo ya juya. Kuma sharaɗin yana nan: ke da yaranki, a ɗaki. Kada ta shiga waya.

Kada kuma ki ɗauka takardarki mai zafi ce ta motsa ni, an riga an ɗaure filash ɗin kafin ta iso. Ke kin ce in ba ki, na ce gado kike hange. Mijin Auta ya ce in ba ki, na ce kwamfuta yake so. Innarku ta ce in ba ki, na ce kun haɗa baki. Wadda na ji tana cewa a ba ki daga ƙarshe ita ce ban sami abin da zan zarge ta da shi ba, duk da na nema. Uwarki ce.

Kawunki